Kogin da Kamar-Me Ya Zana a Zaure

A layinmu ba mai kiransa da sunan yanka. Kamar-Me muke ce masa, don ba ka isa ka gama magana bai tambaya ba. Ka ce kanka ke ciwo, ya ce, "Kamar me? Kamar ana daka, ko kamar an ɗaure da waya?" Mai zane ne, shagonsa na jikin shagon askina, kuma warin fentinsa ya kore mini mutane fiye da dakusasshiyar askata.

Ka'idarsa ɗaya ce: ba ya zana abu, sai abin da ya yi kama da shi. Na ce ya yi mini allo mai hoton kyakkyawan saurayi, ya kawo mini kan mutum da ciyawa ta cinye, ga wani ɗan tsurut a tsakiya yana noma da fartanya.

Na ce, "Yaya, wannan ɗan tsurut ɗin ni ne?"

Ya ce, "Har tsawo na ƙara maka."

Asibitin unguwa suka fi morarsa. Likita ya gaji da roƙon mutane su shanye magani har ƙarshe, rubutun bango kuwa ba mai duba shi. Kamar-Me ya zana maciji an datse masa wutsiya, kansa a miƙe, mai sanda ya juya baya yana murna. Har gobe in ka ɗan ji sauƙi ka ajiye ƙwaya, tsohuwar da ba ta san bihim ba za ta ce maka, "Wutsiya ka sare, ɗan nan."

Matarsa, wadda duk layi ke kira Gwaggo, ita ce ta fara rikice masa. Mantuwa ta shigo mata a hankali. Ta zuba gishiri sau biyu, muka yi dariya. Ta tambaye shi baƙon wa ye shi, dariya ta ƙare. Daga nan ta soma fita neman gidan mahaifiyarta, wadda ƙasa ta daɗe da rufewa. Ran da aka tsinto ta a tashar mota ba takalmi, 'yarsu Auta ta zo daga garin da take aure.

"Baba, zan tafi da Inna wajena."

"In kika raba ta da ɗakin nan kin tuge ta ke nan. Ta manta ni, amma ta san inda randa take."

"To in ta sake fita fa?"

"In ta sake fita, ki ɗauke ta."

Ya gwada sa wa ƙofa kwaɗo. Gwaggo ta yi ta dukan ƙofa har hannunta ya kumbura, ya cire ya jefar. Sai ya tuna tun tana budurwa tsoron ruwa take, ko kwata ta cika ba ta tsallakawa. Ya kwaso gwangwanayensa ya zana kogi a simintin zaure, daga bango zuwa bango: jan ruwa mai kumfa, ga reshe yana tafiya da shi. Ranar da na shiga, wallahi sai da na tattare wando ban sani ba.

Gwaggo ta zo bakin zanen ta tsaya. Ta ce, "Ruwa ya kawo. Sai ya janye." Ta koma ta zauna.

Aka sami watanni lafiya lau. Shi ba ya taka kogin sai ya saki labule, kada ta gani. Ni kuwa kullum sai na aika masa a sammini kifi.

Abin da bai hango ba, masu kallon macijinsa sun san ba ya sara, shi ya sa yake musu amfani. Gwaggo wannan sanin ne ya ɓace mata. Shi kuma duk tunaninsa na kan hana ta fita, bai taɓa kawo ranar da za a so ta tsallako ba.

Wata safiya ya dawo daga sayen burodi, ya turo ƙofar waje ta rufe, ya yanke jiki ya faɗi a wancan gefen kogin. Gwaggo ta ji, ta ɗaga labule. Tsakaninsu bai wuce faɗin tabarma ba. Sai da rana ta take na ga shagonsa a kulle, na leƙa gidan. Na same ta ta naɗe zane zuwa gwiwa, tana ɗaga ƙafa tana mayarwa, murya ta dishe.

"Mai kwalekwale! Ku zo, ruwa zai tafi da maigidana!"

Ranar ta gane shi sarai.

Likita ya ce da an kawo shi da wuri, da wata magana ce. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace. Ɗakin Auta ba zai ɗauki majinyata biyu ba, sai ƙanensa ya dawo gidan da zama, ita kuma ta zo da mota ɗaukar uwarta. Kamar-Me bai yi musu ba.

Gwaggo ce ta ƙi. Ta toge a bakin ruwa. Direba ya ce a sungume ta, ta ƙwalla ihu ta rungume bango. Na ce bari in kawo kananzir mu goge tsiyar nan. Kamar-Me ya girgiza kai, ya nuna buroshi. Na riƙe masa gwangwani, ya ja jiki a ƙasa, ya shimfiɗa zanen katako a kan kogin da hannun hagu. A rayuwarsa bai taɓa zana abu mai muni haka ba, kamar an taka ƙadangare.

Gwaggo ta leƙa. "Wa ya sa gada?"

Auta ta ce, "Baba ne, Inna."

"Za ta ɗauke ni?"

Da ƙyar maganar ta fito masa. "Za ta ɗauke ki."

Ta kama hannun Auta, ta taka a hankali har ta haye. Ta dube shi zaune jikin bango, fenti har gwiwar hannu.

"Sannu da aiki, bawan Allah."

Fentin bai bushe ba, sawunta ya bi ƙofa har bakin mota. Da ƙarar motar ta yi nisa ya yi mini alama in rufe gwangwanin. Na rufe, na danna murfin da dunduniya.