Awon Taga a Tafin Hannu

Yayana mai yankan gilashi ne. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan sana'a a ɗan shago guda a bakin titi, tsakanin mai walda da mai gyaran firji, kuma har yau bai taɓa mallakar littafin rubuta awo ba. Tafin hannunsa na hagu shi ne littafin. Mutum zai zo ya ce tagarsa ta fashe, Yaya ya zaro biro daga bayan kunne, ya rubuta faɗi, ya rubuta tsawo, sannan ya zana ɗan da'ira ya sa uku a ciki, wato a rage milimita uku don gilashin ya shiga firam bai tsage ba. In ya gama yanka sai ya lashi yatsa ya goge. Na yi masa faɗa a kan wannan ƙazanta har bakina ya gaji.

Ni ce ƙanwarsa, kuma a gidanmu ni aka ba bakin da aka hana shi. Yaya zai iya wuni bai yi magana goma ba. Ni kuwa in ban yi magana ba zazzaɓi nake yi.

'Yarsa ta fari muna ce mata Injiniya tun tana ƙarama, saboda babu rediyon da ta bari da rai a gidan. Sunan ya bi ta, domin karatun injiniyan gine-gine ta shiga, ita ce kuma ta fara taka jami'a a zuriyarmu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ita ma komai a tafin hannu take rubutawa, lambar waya, sunan magani, saƙon uwarta.

Tana shekarar ƙarshe abin ya faru. Ranar wata Talata tana da jarrabawa, Yaya ya manta wayarsa a gida tana caji. Wani mai gini ya kira, ta ɗauka, ya karanto mata awon tagogi huɗu, ta rubuta a hannu yadda ubanta yake rubutawa. Ta biya shago ta kai masa wayar, ta buɗe masa hannun ya kwafe, ta ruga ta hau mota. Ana cikin jarrabawa mai sa ido ya hango lambobi a tafinta. Ya ɗauki hoton hannun, ya karɓe takardarta, ya sa ta sa hannu a fom.

Kwana biyar yarinyar nan ta haɗiye maganar. Sai da wasiƙa ta zo daga kwamitin ladabtarwa, an sa mata ranar zama, an kuma rubuta cewa hukuncin satar jarrabawa yana iya kaiwa ga kora, sannan ta faɗa wa uwarta. Uwar ta kira ni, na bar shagona a buɗe na taho.

Ina shiga na fara. Na ce wallahi gobe da sassafe zan je in ga wannan mai sa idon, in tambaye shi ko a garinsu da awon taga ake cin jarrabawa. Na ce in ba haka ba a nemo wanda ya san wani a ciki, a kashe maganar tun ba ta yi wari ba.

Yaya ya bar ni na sauke, sannan ya ce, "Kin gama?"

Na ce ban gama ba.

Ya ce, "To ajiye sauran. Injiniya, karanta mini wasiƙar. A hankali."

Ta karanta, ya ce ta sake. Sannan ya tambaye ta ko makarantar tana da dokokinta a rubuce. Ta ɗauko littafin dokokin ɗalibai da aka ba ta tun shekarar farko, ko buɗe shi ba ta taɓa yi ba. Yaya bai wuce firamare ba, karatunsa da yatsa yake bi, amma kwana uku littafin nan yana kan teburin yanka, in babu mai saye sai ya ja shi. Inda Turanci ya fi ƙarfinsa ya sa alama, ta dawo ta fassara masa. A nan ya tono abubuwan da mu masu baki ba mu sani ba: tana da damar ganin hujjar da aka riƙe, tana da kwana bakwai ta rubuta bayaninta, za ta iya shiga da mutum ɗaya ya zauna kusa da ita amma ba zai yi magana ba, kuma in hukunci bai yi mata ba akwai ɗaukaka ƙara. Ya tura ta ofishin ƙungiyar ɗalibai wajen mai ba da shawara. Ya raka ta har ƙofa, ya tsaya a waje.

Na ce, "Yaya, ka je har can ka ƙi shiga?"

Ya ce, "Ita aka kira, ba ni ba. In na riƙa yi mata magana yanzu, ranar zaman wa zai yi mata?"

Matar Yaya kuwa nata aikin daban. Ta yi kukanta rana ɗaya ta share ido. Daga nan ta tsare yarinyar da abinci, ta hana ta kulle kanta a ɗaki, ta tilasta mata zuwa sauran jarrabawarta guda biyu. Duk dangin da ya kira don jin gulma, ita ke ɗauka ta ce lafiya lau, ta kashe. Har ni ta ja wa kunne, ta ce, "Gwaggonsu, don Allah a gabanta a rage zafi." Na ji haushi, amma na rage.

Da kwafin hoton ya zo, muka taru a falo muna kallo. Ga lambobi nan ɓaro-ɓaro, ga da'ira da uku. Na ce shi ke nan, magana ta ƙare. Yaya ya matso da hoton kusa da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Tagogi huɗu na yanka. Wannan layi na biyar fa, na kusa da wuyan hannu?"

Ni ban ma lura da shi ba. Gumi ya cinye shi, ya zama dabbare-dabbaren tawada, ba mahalukin da zai iya karantawa. Injiniya ta sunkuyar da kai. Ta ce wata ƙa'idar lissafi ce da take ta manta ta, ta rubuta a mota tana haddacewa, da niyyar gogewa kafin ta shiga.

Yaya ya ce, "Mantawa kika yi?"

Ta ce, "A bakin ƙofa na tuna, Baba. Ban goge ba. Ban duba ba, wallahi, amma ban goge ba."

Ni na fara buɗe baki. Na ce to, mu huɗu muka ji, mu huɗu za mu binne. Wa zai karanta wannan dabbaren? A ce awon taga ta biyar ce da mai ginin ya fasa saye. Ba na jin kunyar faɗa, haka na ce, kuma da zuciya ɗaya na faɗa, don shekara biyar na yarinyar nan nake hangowa za su zube.

Na zaci Yaya zai yi faɗa. Bai yi ba. Fuskarsa dai ta canza, ya tashi ya fita tsakar gida, ya wanke fuska, ya dawo ya zauna kusa da ita.

Ya ce, "Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki ji ni da kyau. Ranar zaman ba ni da izinin magana, ba kuma zan tona ki ba. In kin faɗa, ina gefenki. In kin yi shiru, ina gefenki. Abu ɗaya ne ba zan yi ba: ba zan taya ki ƙera taga ta biyar ba."

Ta ce, "Baba, in na faɗa suka kore ni fa?"

Ya ce, "Sai mu ɗaukaka ƙara. In ta ƙi, ɗakinki yana nan, mu sake shawara. Ba a kanki aka fara faɗuwa ba."

Bai ƙara tayar da zancen ba har ranar. Ya karɓo takardar shaida daga mai ginin, ya sa aka buga jerin kiran da ya shigo wayarsa, ya jera komai a fayil.

Ranar zaman, ni da uwarta muka zauna a benci a wani dogon baranda mai warin sabon fenti, fanka ɗaya tana juyawa kamar ba ta so. Yaya ya sa rigarsa mai kyau, ya goge hannunsa tas, suka shiga. Abin da ya faru a ciki daga bakin Injiniya na ji. Mutum biyar ne a bayan dogon tebur, shugabarsu wata farfesa mai farin gilashi. Suka ɗora hoton kusa da takardar mai gini, lamba ta hau lamba. Wani ya tambayi ma'anar da'ira da uku, ta yi bayani, har ya yi dariya ya ce tagar gidansa ma haka ta tsage. Ba wanda ya kula da layi na biyar. Shugabar ta fara tattara takardu, ta ce, "Akwai abin da za ki ƙara?"

Injiniya ta ce ta waiwayi ubanta. Bai kalle ta ba, bai gyaɗa kai ba, tebur kawai yake kallo. Sai dai ya matso da kujerarsa har kafaɗarsa ta taɓa tata. Ta ce, "Akwai, ranki ya daɗe." Ta nuna musu dabbaren, ta faɗi abin da yake, ta faɗi cewa ta tuna a bakin ƙofa.

Da suka fito na ji labari, na tare ta. Na ce, "Ke da aka buɗe wa ƙofa, kika ja ta kika rufe da kanki?" Uwarta ta taka mini ƙafa, na yi shiru.

Kwana goma sha biyu muka jira. Wasiƙar ta zo da hantsi, Injiniya ta kawo ta shago ba ta buɗe ba, ni ma ina wurin. Ta karanta a tsaye. An soke mata wannan kwas, an dakatar da ita zangon karatu ɗaya, an ba ta gargaɗi a rubuce. An kuma rubuta cewa kwamiti ya yi la'akari da cewa ita ta bayyana laifin da kanta.

Yaya ya ce, "Kora ce?"

Ta ce, "A'a, Baba. Amma 'yan ajinmu za su fita su bar ni."

Ba ta rufe baki ba sai ga mai walda ya leƙo, tabarau a goshi, da muryarsa da ake ji har tsallaken titi. Ya ce, "A'a, Injiniya! Yaushe ne bikin kammalawa? Na fa ɗinka sabuwar riga!"

Yarinyar ta daskare, takarda a hannu. Na buɗe baki zan ce an ɗaga bikin, ƙaryar ma har ta zo kan harshena. Yaya ya riga ni.

Ya ce, "Sai baɗi. Ta yi kuskure a jarrabawa. Mutum biyar suka duba ba su gano ba, ita ta tsaya a gabansu ta faɗa da bakinta. Ina zaune a wurin, da kunnena na ji. Ka adana rigar."

Shekarata hamsin da biyu ina ƙanwar mutumin nan, ban taɓa jin ya yi alfahari da komai ba, ko da aikinsa, sai ranar. Injiniya, wadda ba ta yi kuka a gaban kwamiti ba, ta kifa kai a kafaɗarsa ta fashe da kuka. Ni ma na juya baya ina fyace hanci, ina zagin ƙurar shagon.