Tuwon Neman Aure da Na Kasa Ci

A shekarar da mai ya yi wuya, motocin da ke bin hanyar Sinja zuwa Damazin sun ragu har mutum kan wuni a bakin titi bai samu ta hawa ba. A shekarar ce ɗan yayana ya ga yarinyar da yake so, a wani ƙauyen Hausawa da ke kudu da mu, a bakin kogi. Ita ma tana son sa, mata kuma sun riga sun gama nasu ƙus-ƙus. Abin da ya rage shi ne babba daga gidanmu ya je ya nemi izinin mahaifinta. A wajenmu uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure da kansa, wansa ko ƙanensa yake turawa. Ni kaɗai ne ƙanen Yaya da ya rage a gari.

Da Yaya ya faɗa mini, na ce, "Yaya, in na je na ɓata fa?"

Ya ce, "Mi za ka ɓata? Ka yi sallama, ka ci tuwonsu, ka faɗi abin da ya kai ka. Amma tuwon nan ka ci shi da kyau, ka ji ko? Mutanen can, in baƙon neman aure ya janye hannu daga abincinsu, sun ɗauka ya ga abin da bai yi masa ba a gidan. Ba za su ce maka komi ba. Maganar ce kawai za ta mutu."

Ni mutum ne mai yawan fargaba, tun ina yaro haka nake. In na rufe ƙofa sai na koma na taɓa ta. Ranar jajibirin tafiyar na zuba wa sarƙar keke mai, na ɗaura famfo da kayan faci, na naɗe jallabiyata mai kyau a leda saboda ƙura. Na yi ta latsa tayoyin har matata ta ce in ƙyale su kafin in huda su da yatsa. Na yi tunanin ƙaya, na yi tunanin karnuka, na yi ta maimaita kalmomin da zan faɗa. Cikina ne kawai bai zo mini a rai ba.

Na fita bayan sallar asuba. Tafiyar safe ta yi daɗi. Iska na kaɗawa daga wajen kogi, gonakin dawa sun yi kore, keken na tafiya ba ƙara. A ƙauyen farko na tsaya gaida goggona, domin in ta ji na wuce ban tsaya ba, sai an shekara ana ba ta haƙuri. Ta ba ni shayi da madara da zalabiya, wato fanke, mai zafi, ta tsaya a kaina har na cinye.

Da hantsi ya ɗaga na iske wasu manoma a gindin bishiya sun kewaye kwanon ful, waken nan da ake kwaɓawa da man riɗi da albasa. Na yi musu sallama ina kan keke, na ce na ƙoshi, Allah ya sa albarka. Sai babbansu ya miƙe ya riƙe mini kan keke.

"Ya zol, alayya ɗalag, ba ka wucewa sai ka ci!"

Wato ya rantse da igiyar aurensa. In na wuce ban ci ba, matarsa ta saku. Mutanen ƙasar nan sun saba da wannan rantsuwa, har Hausawanmu sun koya, kuma da yawa suna cewa maganar baka ce kawai. Ni ban iya ɗaukar ta haka ba. Na tuna wata baiwar Allah tana can gida tana wanke-wanke, ba ta san aurenta na rataye a kan kekena ba. Ranar da zan je ƙulla auren wani, ba zan kwance na wani a hanya ba. Na sauka na ci. Da na tsame hannu sai ya sake rantsewa a kan ƙwaryar nono mai tsami. Na sha wannan ma.

Daga nan rana ta buɗe, hanya kuma ta lalace, ta zama gargada tun daga nan har inda ido ya tsaya. Sirdi na duka na, ni kuma ina taka feda ina gumi. Duk randar da na gani an ajiye wa matafiya a bakin hanya sai na tsaya na ɗaga moɗa. Wajen azahar na fara jin cikina na ƙugi ƙasa-ƙasa. Na ce da raina gajiya ce.

Na isa bayan la'asar. Na sauya riga a bayan wata katanga, na nemi gidan. Mahaifin yarinyar dogon mutum ne marar yawan magana, masunci ne a da, yanzu yana noman albasa a gaɓar kogi. Ya karɓe ni hannu biyu, ya shimfiɗa mini tabarma a rumfar baƙi da ke ƙofar gida. Muna cikin gaisuwa cikina ya murɗa, murɗawar da na san ba ta jira.

Makewayin gidan yana can ciki, sai an ratsa tsakar gida inda mata suke. Baƙon da ko sunansa ba a gama riƙewa ba, ya zo neman aure, ya buɗe baki ya tambayi wannan wuri? Na kasa. Na ɗauki buta na ce zan sabunta alwala, na nufi bayan gari.

Hanyar bayan garin ta bi ta ƙofar maƙwabta, su kuma suna zaune a tabarmi suna shan iska. Ban taɓa wuce mutum ban yi masa sallama ba. Da na yi, sai su amsa su ɗora: daga ina, gidan wa aka sauka, yaya mutanen gida, yaya damina a wajenku. Ina tsaye na matse ƙafafu ina amsawa ɗaya bayan ɗaya. A dawowa ma haka.

Na dawo na tarar an kawo babban faranti. Tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, kisra, wainar dawan nan marar kauri, soyayyen kifi, har da zakara. Kowa ya gani ya san tun safe ake wannan aiki. Mai gidan ya ce bismillah. Na gutsuri loma ƙarama, ƙamshin mai ya bugi hancina, yawu ya taru a bakina. Na haɗiye ta da ƙyar. Maganar Yaya na yi mini amsa-kuwwa a kunne, hannuna kuma ya ƙi komawa.

"Ci mana, malam."

"Ina ci, alhamdu lillahi."

Ban daɗe ba na sake ɗaukar buta. Na sake bi ta ƙofar maƙwabta, na sake tsayawa. Da na yi fita ta gaba, mai gidan bai ɗaga kai ya dube ni ba. Na dawo na ga an ɗauke farantin, kusan yadda aka kawo shi.

Muka yi magariba a masallacin unguwa. Na tsaya a ƙarshen sahu, ina salla ina kokwanton alwalata. Da muka koma rumfa ya zauna nesa da ni kaɗan, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya yi magana a hankali.

"Malam, mun san abin da ya kawo ka. Bincike ba laifi ba ne, kowa na yi. Amma in akwai abin da kuke son sani a kan gidan nan, ni za ka tambaya. Ba sai kana zaune a tabarmata kana tashi kana bin ƙofofin maƙwabta ba, gari na kallo. Tuwonmu kuma, tunda bai yi maka ba, ba komi. Ka gaida yayanka."

Sai a lokacin na ga abin yadda shi ya gan shi. Baƙo ya ƙi abinci, ya yi ta fita yana tsayawa da maƙwabta. Na tuna ɗan yayana, yadda ya riƙe mini keke da asuba bai iya haɗa ido da ni ba. In na yi shiru na tashi da kunyata, da safe zan koma in ce masa an hana, alhali ba wanda ya hana.

Na sunkuyar da kai na ce, "Alhaji, wallahi ban tambayi kowa komi ba. Cikina ne ya ɓaci. Tun la'asar bayan gari nake zarya."

Ya ajiye carbin. Kafin ya buɗe baki cikina ya yi wani dogon ƙugi, wanda ko na bayan zana ya ji. Aka kuwa ji, domin dariya ta tashi daga can. Wata tsohuwa ta leƙo tana dogara sanda, mahaifiyar mai gidan ce, kakar yarinyar.

"Kai ɗan nan, mi ka ci a hanya?"

Na lissafa mata, har da mutumin da ya rantse.

"Madara, da wake, da mai, da nono, ka ɗora ruwan randa, ka hau keke ka wuni kana kaɗawa cikin rana! Ai mu haka muke fid da man shanu. Da ka ƙara tafiya kaɗan da mun samu na miya." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma ka zauna kana kumbura, baƙo na mutuwa a gabanka. Ba ka ga leɓensa ya bushe ba?"

Mai gidan ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa. "Malesh, yi haƙuri, malam. Mi ya hana ka faɗa?"

"Kunya, Alhaji."

"Kunya ta kusa kashe aure," in ji tsohuwar. "Wancan ka ceci nasa, na ɗanka ka zo ka zubar."

Ta sa mata suka shige ɗaki, mai gidan da kansa ya nuna mini hanyar makewayi. Ta jiƙa mini bagaruwa, ta dafa hulba, ta ce in riƙa kurɓar ruwa da ɗan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, kada in ɗaga kai in kwankwaɗa irin na hanya. Ta hana a kawo mini komi mai maiƙo. Aka sa mini gado a rumfa, na kwanta, jikina kamar an yi mini duka.

Da safe cikin ya lafa, sai rashin ƙarfi. Aka kawo kunun dawa tsararo a ƙwarya ɗaya da ludayi biyu. Mai gidan ya zauna kusa da ni, ya sha, na sha. Kunun ya zauna mini lafiya. Muka shanye tare. Sannan na gyara zama na faɗi kalmomin da na yi ta maimaitawa a gida, ban manta ko ɗaya ba.

Ya ce, "Mun ba ku. Ka ce wa yayanka ya turo a sa rana bayan girbi."

Na yi godiya. Amma wani abu ya tsaya mini a rai, na kasa barin sa.

"Alhaji, kunu yana tsayawa a madadin tuwo? Don ni tuwo aka ce in ci."

Ya dube ni, ya dubi ƙwaryar da ba komi a cikinta. Daga bayan zana tsohuwar ta ce, "Ka ce masa kunun ya tsaya. In bai yarda ba, ragowar zakaran jiya na nan, a ɗumamo masa."

Na ce na yarda.

Sun riƙe ni har washegari don in ƙara samun ƙarfi. A komawa na tafi a hankali, ina hutawa a inuwa. Da na hango bishiyar manoman nan, na sauka na tura keken ta bayan gonar, inda dawa ta fi tsayi.