Zomo da Allurar Famfo

Ɗan ƙanwata ma'aikacin kashe gobara ne. Abokan aikinsa suna kiransa Zomo, domin kafin mota ta gama tsayawa ya riga ya dira da tiyo a kafaɗa. Ni da na koyar da shi a aji na san halin: tun ba a ƙarasa tambaya ba yake ɗaga hannu.

Wata ranar hutunsa na kai musu ziyara, sai na tarar da shi tsaye a tsakar gida, ya juya wa kicin baya, ya ƙura ido ga agogon da ya rataye jikin tankin ruwa. A kicin kuwa matarsa tana ta buga murfin tukunya tana kiransa. Bai waiwaya ba, sai dai ƙafarsa ta dama tana ɗagawa tana komawa.

Na tambaya ko lafiya.

"Karatu yake yi, Kawu," in ji matar, tana dariya. "Ni ce gobarar."

Da muka zauna ya warware mini. Ƙarin girma yake nema, ya zama direban motar kwana-kwana. Ni a zatona aikin bai wuce sitiyari da jiniya ba. Ashe idan an isa wurin gobara, direba shi ne mai kula da famfon da ke tura ruwa. Akwai allura mai nuna ƙarfin ruwan: idan ta haura, tiyo ya yi jifa da mai riƙe da shi, idan ta sauka, waɗanda ke ciki su fuskanci wuta hannu wofi. Saboda haka direba ba ya gusawa daga gabanta, ko me kunnensa ya jiyo.

"Bara na ci jarrabawar rubutu, na ci ta tuƙi," in ji shi. "A gwajin ƙarshe mai jarrabawa ya sa wani ya faɗi yana neman taimako. Ban san lokacin da na isa kansa ba. Da na dawo, sai ya ce mini, 'Ka ceci mutum ɗaya, ka bar sauran babu ruwa.'"

"To, in bana ma ƙafar ta fi ƙarfinka fa?"

Ya shafa gwiwarsa. Likita ya ce ta gaji da hawan tsani. In bai samu motar ba, ɗakin ajiyar kaya za a mayar da shi, ya riƙa jin jiniya tana fita ba shi.

"Mutumin da ko shayi ba ya jira ya huce," in ji matar. "Ɗakin ajiya ai kurkuku ne."

Ranar gwajin na je na tsaya bakin shingen tashar, domin ina son ganin yadda ake sauya halin da aka girma da shi. Ya yi baya da motar tsakanin ganguna bai taɓa ko ɗaya ba, ya sauko, ya kunna famfo. Can sai wani ya faɗi kusa da tsani yana kira. Na ga ƙafar nan ta ɗaga, ta daɗe a sama, sannan ta koma. Ya ɗauki rediyo ya tura wasu su ɗauko mutumin, hannunsa ɗaya a kan makunnin famfon, idonsa a kan allura, har aka busa usur.

An ba shi motar. Da ya fito, gumi ya jiƙa masa riga fiye da waɗanda suka yi gudu. Na tambaye shi yadda ya ga gwajin.

"Ai ban ga komai ba, Kawu," in ji shi. "Kai da ka kalla, ba ni labari. Wa ya faɗi?"