Tsumman Ɗan Fari

Ranar nan matar jikana ta kawo min jaririnta, ta shimfiɗe shi a kan gadona za ta canza masa. Ta zaro wata 'yar takarda mai laima daga leda tana goge shi, tana yi masa surutu da Larabci, tana sumbatar tafin ƙafarsa. Ɗan fari ne fa, kuma sunan kakansa aka mayar masa, wato ɗana na fari da ya riga ni tafiya. Amma yarinyar nan sai rangaɗa sunan take yi a gabana, ko a jikinta. Na buɗe baki zan ce mata ke dai ba ki da ta ido, sai na fasa. Gaskiyar magana sha'awa ta ba ni.

Na haifi nawa a shekarun da ake ginin madatsar ruwa ta Rusairis. Maigidana yana can yana aikin ƙarfi, ni kuma aka kai ni goyon ciki gidanmu, a ƙauyenmu kusa da Wad Haddad. Lokacin tsinkar auduga ne. Tun da sassafe Inna da duk mai ƙarfi a gidan suke tafiya hawasha, gonar audugar da Baba yake riƙe da ita, sai la'asar su dawo. Gida ya rage daga ni sai jariri sai Kaka, mahaifiyar Baba. Sai kuma tsofaffin unguwa da ba sa iya sunkuyo a gona, waɗanda suka mai da rumfarmu wurin zama, suna shan jabana, wato gahawa, suna sa ido a kan mai jego.

A wurinmu ɗan fari ba naki ba ne a gaban mutane. Ba kya kiran sunansa, ba kya yi masa wasa. In za ki ba shi nono sai an miƙo miki shi, ki karɓa kina kallon bango. In ya yi kuka kika zabura, kin ba mata abin dariya har shekara ta zagayo. Maƙwabtanmu Larabawa cewa suke yi ba mu da zuciya, mu kuwa da haka muke gane 'yar gidan mutunci. Ni kaina 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" take ce min har ta rasu.

Kunyar nan kuwa na iya ta, har yabona ake yi. Amma wallahi ina so in ga yaron, so irin wanda ke hana mutum jin daɗin abinci. Na san nauyinsa a cinyata, na san kukansa. Da za a jera shi cikin jariran ƙauye a ce in nuna nawa da fuska, sai na yi inda-inda.

Wankansa na Kaka ne, tana yi masa da duku-duku da kuma bayan faɗuwar rana, ga idonta ya fara rauni. Canjin tsumma na tsakanin nan kuwa a kaina ya faɗo, don ita tana fama da ruwan zafin jego da kunun kanwa. Tsummokaran daga tsofaffin zannuwan Inna aka yage su. In ya ɓata, sai in ja shi kusa a nan ƙarƙashin rumfa, in kawar da kai, in zare tsumman, in goge shi da gefensa shaf-shaf, in naɗa wani, in ture shi gefe kamar ba ni na haife shi ba. Tsofaffi su gyaɗa kai, su ce yarinyar nan ta san kanta.

Wata rana da hantsi ya yi fitsari, sai ya tsandara wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba. Na daskare a zaune, ban motsa ba. Kaka ta yar da muciya ta zo ta kwance shi a cikin hasken rana. Gindinsa ya yi jazur kamar an shafa masa barkono, matsematsinsa har ya fara saɓulewa.

Ta ce, "Innalillahi! Wa yag goge wanga yaro?"

Kowa ya san ni ce. Nan take shawara ta ɓarke. Wata ta ce baki ne, wata ta ce a barbaɗa toka, wata ta ce a karɓo rubutu. Kaka ba ta kula kowa ba. Ta ɗauke shi, ta ce min, "Ke, taso." Da muka isa ƙofar ɗakinta ta waiwayo da jaririn a kafaɗa ta ce da matan, "Maigidana ba shi son ido. Daga yau ciki za a riƙa gyara shi." Ta saki asabari.

Ta sa na ɗebo ruwa daga randar da ta kwana, don ruwan da muke ɗaukowa daga magudanar gonaki jawur yake zuwa, sai ya kwanta. Aka tafasa, aka bar shi ya huce, ta sa na tsoma gwiwar hannuna in ji ɗuminsa. Ta ɗauko auduga tana cire mata ƙwaya da yatsu har ta yi laushi, ta miƙo min. Na karɓa, na riƙe ƙafafunsa, na juya fuskata wajen bango yadda na saba.

Sai na ji ta cafki haɓata. Tsohuwar nan ƙashi da fata ce, amma hannunta kamar awartaki.

"Bango kike gogewa ko yaro?"

Na ce, "Kaka, ai da kunya."

"Kunya tana waje tana shan jabana. Nan ciki ido nika so. Duba!"

Na duba. Ta ce ba a gurzawa, ba tukunya ba ce. A jiƙa audugar a ɗan matse, a bi daga gaba zuwa baya, a yar, a ɗauki sabuwa. A buɗe kowace ninkin cinya da yatsa, don nan ƙazanta take ɓuya. Sannan a dinga danna busasshen ƙyalle a hankali yana shanye laimar. Da na gama na kai hannu zan naɗa masa tsumma, ta buge hannun.

"Ina kike sauri? Bar shi ya sha iska, sai ya bushe sarai."

Muka kwantar da shi tsirara a kan zane, inda haske yake shigowa ta tsakanin asabari. Ba abin da ya rage a yi sai jira. Kaka ta juya mana baya wai tana neman wani abu a cikin kayanta, ta daɗe tana nema. Ni kuwa na sunkuya a kansa. Ashe girarsa a haɗe take kamar ta Baba. Ashe yana da ɗan tawadar Allah a ƙarƙashin kunnen hagu. Ya daina kuka, ya buɗe ido ɗaya yana kallona yana yamutsa goshi, kamar yana tambaya ke kuma daga ina. Hawayena ya ɗiga a cikinsa, na yi maza na share da auduga. Can Kaka ta juyo da ɗan gwangwanin man kaɗe da wasu alhazan ƙasa suka kawo mata daga yamma, wanda ba ta bari kowa ya taɓa. Ta lakato kaɗan, ta narkar a tafin hannuna, ta ce in shafa masa sama-sama.

Tun daga ranar, ni da nake ƙyamar kashin jariri na koma jiran sa. Da na ji ya yi ɗan nishin nan sai in haɗe rai, in yi tsaki don matan rumfa su ji, in ɗauke shi kamar dole aka yi min. Da asabari ya sauka kuwa, shi ke nan, sai abin da na ga dama. In shinshina wuyansa, in sa yatsana a tafinsa ya damƙe.

A irin wannan zaman ne Kaka ta ba ni labarin da ko Baba bai taɓa ji daga bakinta ba. Tana zaune tana cire ƙwayar auduga, ba ta ɗago kai ba. Ta ce da ƙafa suka baro ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, ita da mijinta da uwarsa da jaki guda. A hanya ta haifi ɗanta na fari, ta yi masa kunya yadda ya kamata, har uwar mijin tana alfahari da ita. Bai yi wata uku ba zazzaɓi ya ɗauke shi. Aka binne shi a gindin wata aduwa, a wurin da ko sunansa ba ta sani ba, ayari ya ci gaba.

Ta ce, "Ƙafafunai na sani, don su nika riƙewa in ina goge shi. Yatsan kusa da babba ya ɗara sauran tsawo. Amma fuska, ɗiyata, na nema na nema, ban same ta ba." Ta miƙo min audugar da ta gyara. "Dube shi da kyau. Ba a san wa ka riga wani ba."

Ba a daɗe ba fatar yaron ta warke sumul. Amma duk wadda ta tambaya, Kaka sai ta girgiza kai ta ce, "Da saura." Inna ta gane, na tabbata. Kullum in ta dawo daga hawasha sai ta kwance bakin zanenta ta ajiye audugar da ta fi laushi a ƙofar ɗakin, ta wuce. Wata la'asar ina yi masa 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, na hangi ƙafafunta ta ƙarƙashin asabari, duk sun yi futu-futu da ƙasar gona. Sun daɗe a tsaye a wurin kafin su wuce.

Da na yi arba'in za a mai da ni ɗakina, Kaka ta ɗaure min gwangwanin a bakin zane, ta kuma aika wa uwar mijina da saƙo cewa yaron nan fatarsa ba ta son ido, a ɗaki ake gyara shi, kuma uwarsa kaɗai. Ƙaryar nan ta riƙe ni har ya fara tafiya. Kaka ba ta ga tafiyar tasa ba.

Ya girma, ya yi gemu, gemun ya yi furfura, ban taɓa kiran sunansa ba ko sau ɗaya. "Wancan" nake cewa, ko "yaron nan". Ran da aka fita da gawarsa ma daga bayan ƙyaure na tsaya. Amma fuskarsa tana nan, alhamdulillahi. Ina rufe ido nake ganin girar nan da tawadar da ke ƙarƙashin kunne. Ina kewarsa, ina kewar ɗakin Kaka da warin man kaɗe.

Matar jikana ta gama, ta ɗauko abin naɗewa za ta rufe shi. Na ce mata, "Ina kike sauri? Bar shi ya sha iska. Je ki ɗora min shayi, ki ja min ƙofar." Ta yi dariya ta fita.

Na sunkuya a kansa, yana ta harba ƙafafu. Na waiga, ba kowa. Sai na kira sunan a hankali. Ashe sunan nan da daɗi yake a baki.