Ranar da Aka Auna Uwa Aka Bar Ɗa

Ku yaran aiki, ku saurara. Cikin shekarun da na yi ina shara a wata likita, wato asibiti, nan Arewa, akwai ranar da har yau ban manta ba, ko da yake ranar masu mantuwa ce.

Tsarin ga shi: kowace Alhamis ana duba tsofaffin da tunaninsu ya fara zuba. Majo, wato babban mai jinya, shi ke tambayoyi yana rubutawa. Ni da ban san ko baƙi ɗaya na boko ba, ni ke raba lamba a ƙofa. Doka guda aka ba ni: furfura ta shiga, baƙin gashi ya jira kan benci.

Sai ga wata tsohuwa, Inna Tabawa, daga Ɗan Kassari, tare da ɗanta Mushe Idi, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, malamin lakwal, wato makaranta, shekarunsa arba'in da ƴan kai, tsaf cikin riga mai guga. Na miƙa mata lamba, shi na nuna masa benci. Ta buɗe baki, na ce, "Inna, ki faɗa wa majo a ciki."

Ina goge taga ina ji. Majo ya ce, "Yau wace rana?" Ta faɗa, ta ƙara da ranakun kasuwa biyar. Ya ba ta sunan abu uku ta riƙe, ta mayar masa, ta haɗa da sunan kakansa. Majo ya yi murna, ya rubuta lafiya lau. Ya ce, "Kin ga amfanin aikinmu?"

Ta ce, "Ɗana, ka gama? To ba ni ba ce. Wancan na waje ne. Yakan tsaya gaban allo ya rasa abin da ya kai shi. Ya kira matarsa da sunana. Manyansa sun ce ko ya kawo takardar likita ko su kore shi, wai shaye-shaye yake."

Majo ya leƙa, ya ga baƙin gashi, ya ɗaga takardarsa. "Inna, gurbinmu daga sittin yake farawa. Gajiya ce, ya huta. In ya cika sittin, ki kawo shi."

Tsohuwa ta dube shi ta ce, "To, Allah ya ba ka haƙurin jira. Ni sai in roƙi kabari ya ɗaga mini."

Ta kama hannun ɗanta suka fita. Takarda ba ta samu ba, aikin Idi ya tafi. Daga baya na ji ta kai shi wajen ƴan bori. Ban san abin da suka yi masa ba, amma sun tambayi abin da ke damunsa kafin shekarunsa.

Abin da na koya ke nan: a aikinmu, ciwon da ya yi sammako ba ya samun lamba. Kuma kada ku zagi majo shi kaɗai. Ni na nuna bencin.