Bai Taɓa Ce Mini Mama Ba

Auta. Autana, kana ina?

Na san ba amsawa za ka yi ba, bakina ne ya saba. Yayarka ce ta buɗe mini wurin rubutu a shafin nan naka, ta ce mutanenka masu kallon bidiyonka suna ta tambaya, ya kamata uwa ta ce wani abu. To ga ni. Ni ban yi boko mai zurfi ba, yadda zan faɗa da baki haka zan danna, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Larabar makon jiya, tara ga wata, ina kan keken ɗinki ina sa wa wata mata zif, sai waya ta yi ƙara da doguwar lamba irin ta ƙasar waje. Wani saurayi ne, ya ce sunansa Dogo, abokin tafiyarka. Ya ce ka shiga wani kogi wanka ruwa ya tafi da kai, mutanen ƙauyen suka tsamo ka, suka yi maka sutura suka binne. Haka aka ce mini. Da gangan na rubuta aka ce, ku bi ni a hankali za ku ji dalili.

Tun kana ƙarami ƙafarka ba ta zama. Ka tuna ranar da ka shige bayan motar burodi, sai can wancan ƙarshen gari aka same ka kana taya direban sauke kaya? Babanka ya ɗauko bel, kai kuma kana ba shi labarin gada, har ya manta abin da ya ɗauko bel ɗin ya yi.

Da ka gama makaranta ka ce duniya za ka gani. Na ce da wane kuɗin? Ka ce, "Ai masu kuɗi ba duniya suke gani ba, otal suke gani." Ka buɗe akwatin ɗinkina ka ɗauki basilla da zare mai ƙarfi, ka ce jarinka ke nan. Kuma da su ka ci abinci. Duk tashar motar da ka sauka sai ka zauna bakin ƙofa kana ɗinke wa matafiya jaka da takalmi, wannan ya ba ka shayi, wancan ya nuna maka inda za ka kwana. Ka taya direbobin tirela ɗaure tamfol su tsallaka da kai gari. Ka yi wanke-wanke a ƙananan masaukai a madadin kuɗin kwana. Ka tsinke wa masu gona 'ya'yan itace har hannunka ya yi kanta. Duk abin da kuka ji yana koya muku a bidiyo, na rantse muku ya yi shi da jikinsa, ba karantawa ya yi ba.

Kuma ba ka da rowa, sai dai ka ja mini aiki. Duk wanda ya ba ka masauki sai ka ba shi adireshin gidan nan. Wata rana na buɗe ƙofa na ga mace da keke, kanta a aske, ba ta jin maganata ba na jin tata, sai hotonka take nuna mini a waya. A ɗakin ɗinkina ta yi mako guda. Da za ta tafi muka yi ta kuka kamar 'yan uwa. Rigar sanyin da na ɗinka maka da hannuna kuma wani tsoho ka bar wa a tashar jirgin ƙasa, ka dawo mini da tari. Na yi faɗa, amma a raina na ji daɗi.

Tsarabarka maɓalli. Kowace ƙasa ka je, maɓalli ɗaya za ka kawo mini, wai shi ne ba ya nauyi kuma ba a biyan kuɗin ɗaukarsa. Ga su nan cikin gwangwanin madara a gabana, har na kusa neman wani gwangwanin. In ka dawo kuma ba ka buga ƙofa da hannu, kullum hannuwanka da kaya. Da ƙafa kake bugawa can ƙasa, har fentin wurin ya goge. Babanka ya yi magana ya gaji.

Yanzu ga abin da ya tsaya mini a wuya.

Na farko, ruwa. Auta, kai da wanka a kogi? Kai da ka faɗa baho kana yaro, tun daga nan ko gada za a hau sai ka rufe ido? Lokacin da ka samu jirgin ruwa na kaya ya ɗauke ka kana yanka wa kuku albasa, da bakinka ka ce mini har aka sauka ba ka leƙa ruwan ba. Babanka ya ce mutum yana canzawa a tafiya. To, na bar wannan.

Na biyu shi ne ya hana ni sukuni. Da na tambayi Dogo ko ka bar wata magana, sai ya ce wai ka ce, "A gaida Mama, ta yafe mini." Wanda ruwa ya fizge, yaushe ya samu bakin barin sallahu? Kuma Mama? Yaron nan tun da ya fara tafiya bai taɓa ce mini Mama ba. Tasha yake ce mini. Ya ce duk motar da ya hau a duniya, ni ce tashar ƙarshe. A bidiyo tsohuwata yake cewa, don na hana shi yaɗa ni, amma a waya, in ya kira, maganar farko ita ce, "Tasha, kin tashi lafiya?" Mutumin da ya ce ya daɗe yana kwana yana tashi tare da kai, bai taɓa jin kana waya da uwarka ba?

Na faɗa wa yayarka. Ta ce, "Haba Umma, tausayinki ya ji, ya ƙirƙiro don ya kwantar miki da hankali." Na ce wanda ya iya ƙirƙiro magana ɗaya don tausayi, me zai hana ya ƙirƙiro biyu don wani abu? Hoton kabari da ya turo, ƙasa ce da duwatsu, ko'ina akwai ƙasa da duwatsu. Fasfo ɗinka kuma wai yana hannun hukumar can. Ta ce in bar zargi, ba kyau. Ni ban ce ya yi maka wani abu ba. Allah ya gani ban ce ba. Cewa na yi ban yarda yana wurin ba, in kuma ba ya wurin, to wa ya gan ka?

Ku masu kallonsa, kuna ko'ina. In akwai wanda ya ga saurayi siriri mai tabo a haɓa yana ɗinkin jaka a bakin wata tasha, don Allah ya yi magana.

Dogo ya ce yau zai iso da jakarka. Zan ba shi ruwa, zan ba shi abinci, don baƙo ne. In ya natsu, tambaya ɗaya zan yi masa: ɗana me yake kirana? Shi ya sa wannan rubutun ba zan danna aika ba sai na ji amsarsa, kada ya karanta a hanya.

Auta, in gaskiya ne ka riga mu, Allah ya jiƙan ka, ya yi maka rahama, ya haskaka kabarinka duk inda yake. Yadda baƙi suka buɗe maka ƙofofinsu, Allah ya buɗe maka wadda ta fi. Na yafe maka, ko ka roƙa ko ba ka roƙa ba. Ina yi wa babanka ta'aziyya, shi da yake shiga banɗaki ya buɗe famfo don kada mu ji kukansa. Ina yi wa yayarka, da duk wanda ya taɓa shimfiɗa maka tabarma a ƙasar da ban san sunanta ba. Allah ya ba mu haƙuri. In kuma kana wani wuri wayarka ce ta faɗa ruwa ba kai ba, to ka sani ban taɓa ɗakinka ba, ko

Tsaya. Ana buga ƙofa.

Can ƙasa ake bugawa. Da ƙafa. Na sani, na sani, shi ma Dogon hannunsa da kaya, jakarka ba ta ɗaukuwa da hannu ɗaya. Amma bari in