Sojojin da Na Cire wa Kawuna

Ko zan manta da komai na zamana a Alƙahira, ban da ranar da ɗan jirgin katako ya kusa raba ni da karatuna.

Ina shekarar ƙarshe a lokacin. Bayan darasi nakan je shagon wani dattijo Basudane, jikan Hausawa, mai ƙera ƙananan jiragen ruwan soja na ado, irin masu ƙofa a goshi da ake saukewa sojoji su fito bakin teku. Da hannuna ya faɗa, sai ya bar mini aikin wani mai saye a unguwar Ma'adi: jirgi tsawon kamu guda, da sojojin roba a jere a cikinsa.

Sojojin nan su suka tsaya mini a rai. Mun karanta hukuncin mutum-mutumi, cewa in an cire kai an fita daga laifi. Ni kuwa sabon malami, ban shawarci kowa ba, na sa reza na fille musu kawuna kaf, har ina jin na yi abin lada.

Ranar da zan kai wa mai shi, a ƙofar tashar jirgin ƙasa ta metro aka sa kwalin da na ɗauko jirgin a ciki a na'urar bincike, ɗan sanda ya ce in buɗe. Ya sauke ƙofar jirgin da yatsa, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya nemi fasfona. Saura kwana shida takardar zamana ta ƙare.

Sai a lokacin na ga abin da yake gani: baƙo, jirgin yaƙi, sojoji ba kai. Larabcin da nake taƙama da shi ya gudu ya bar ni. Suka zaunar da ni a wani ɗaki, ba abin da nake hange sai filin jirgin Kano da mahaifina yana tambayar takardar shaidar karatun da na je nema.

Da ƙyar suka yarda na kira dattijon. Ya zo yana haki, ya yi musu dogon bayani, har babbansu ya girgiza kai ya ce khalas, wato shi ke nan, in tafi.

A waje ya dube ni ya ce, "Ɗana, da ka buɗe baki ka faɗa mini, ai da jirgin ya tafi ba kowa a ciki."

Kunya ta kama ni. Tun ranar na gane cewa sanin hukunci daban, sanin yadda ake aiki da shi a cikin mutane daban. Na biyun kuwa a bakin manya ake samunsa.